Farautar manyan namun daji a yammacin Amurka: talaka zai iya kuwa?

Sarkin_Baka77:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu tattauna kan tsadar farautar elik a jihohin yammacin Amurka, wato barewar nan mai rassan ƙaho wadda namijinta kan kai kilo 300. Abin da Amurkawa suka daɗe suna tinƙaho da shi shi ne, naman daji na jama'a ne, ba na mai gona ba ne. Direban tirela da likita layi ɗaya suke bi. Amma ku dubi kuɗin tag, wato takardar izinin harbin dabba guda wadda ake ɗaura mata bayan ta faɗi. A Aidaho tag ɗin baƙo, wato mai zuwa daga wata jiha, ya tashi daga dala 416.75 zuwa 651.75 a 2021, ban da lasisin dala 185. A Wayomin layin musamman na baƙi, wato layin ƙuri'ar tag mai tsada, ya tashi daga dala 1,268 zuwa 1,950 a 2024. A Kolorado na baƙo ya kai dala 800. Ni a ganina ana korar mai ƙaramin ƙarfi daga daji ne da sannu. Ko akwai mai wata fahimtar?

Lissafi_Dalla:
Wa alaikumus salam. Sarki, alƙalumanka daidai ne, amma duk na baƙo ka kawo. Ɗan jiha a Montana dala 20 yake biya na elik. A Wayomin dala 57. A Kolorado a 2024 bai kai 70 ba. Wanda ke zaune a jihar, takarda ba ta kore shi ba. Wanda ake tatsa shi ne mai zuwa daga wata jiha.

Sarkin_Baka77:
Haka ne Malam, to amma mutum nawa ne ke zaune a Wayomin? Duk jihar ba ta kai mutum dubu 600 ba. Yawancin filin da ake farautar nan na gwamnatin tarayya ne, harajin kowa ke riƙe da shi.

Dogon_Daji:
Wannan hujjar an kai ta har Kotun Ƙoli tun 1978, a shari'ar Baldwin da hukumar namun daji ta Montana. A lokacin ɗan jiha na iya sayen na elik kaɗai a dala 9, baƙo kuwa sai ya sayi haɗaɗɗen lasisi na dala 225. Kotu ta ce jiha na da ikon bambantawa, domin farautar elik ba ta cikin haƙƙoƙin da dole a daidaita ɗan gida da baƙo a kansu. Fili na tarayya ne, amma dabbar da ke yawo a kansa jiha ce ke riƙonta amana. Tun daga nan babu abin da ya hana 'yan majalisar jiha ƙara wa baƙo kuɗi, tunda baƙo ba ya jefa musu ƙuri'a.

Kibiya_Daya:
Don Allah a yi wa irinmu bayanin makin nan da ake ta magana. Na ga ana cewa wani yana da maki 12 amma bai samu ba.

Lissafi_Dalla:
Ƙanena, ga yadda yake a Wayomin, tunda nasu ya fi sauƙin ganewa. Yankunan da suka fi kyau ana ƙayyade yawan tag ɗinsu, sai a yi ƙuri'a. Baƙi suna da kashi 16 cikin 100 na waɗannan. Wannan kason ana raba shi biyu: kashi 60 layin kowa a dala 692, kashi 40 layin musamman a dala 1,950. Takarda ɗaya ce, daji ɗaya, kwanaki ɗaya, bambancin kawai mutanen da ke layin tsada sun fi kaɗan. A kowane layi kuma kashi 75 na masu maki mafi yawa ne, kashi 25 ne kawai ake jefawa cikin ƙuri'ar da kowa ke da rabo.

Maki ɗaya ake saya a shekara, na elik dala 52. In ka tsallake shekara biyu a jere ba ka saya ba, duk abin da ka tara ya zube.

Inda gizo ke saƙa shi ne nan. A ɗauka yanki yana ba baƙi tag 20 ta hanyar maki, amma mutum 200 ne ke da maki 10. Bana 20 sun samu, saura 180 sun koma maki 11. Baɗi wasu 20, saura 160 sun koma 12. Kai da kake da maki 5, kana ƙara ɗaya a shekara, su ma suna ƙara ɗaya. Ba za ka cim musu ba sai layin gabanka ya ƙare, kuma ana ta samun masu ƙaura daga wani yanki suna shigowa da makinsu. Shi ya sa mai maki 12 zai iya fita hannu rabbana bayan ya kashe sama da dala 600 a maki kaɗai.

Gwanki308:
Ƙari a kan na Malam Lissafi. Kada a ɗauka layin musamman kullum ya fi ba da dama. Akwai yankunan da masu kuɗi suka yi masa yawa har damar ta zo daidai da ta layin kowa. Hukumar namun daji ta jihar tana wallafa sakamakon ƙuri'ar bara yanki-yanki, kyauta. A duba kafin a zuba kuɗi. Kuma a sani a Wayomin ana cire cikakken kuɗin ne tun ranar nema a watan Janairu, sakamako sai Mayu. In ba ka samu ba a mayar maka, amma ban da dala 15 na nema da kashi 2.5 na cajin kati. Mai neman jihohi uku haka zai ga dubban daloli sun kwanta wata huɗu. Ba kowa ke da wannan sararin ba.

MaiGwafa:
Aidaho da Niyu Meziko ba su da maki sam. Sabon shiga da tsohon hannu damarsu ɗaya. Sai dai Niyu Meziko kashi 84 na 'yan jiha ne, kashi 10 na masu kwangila da kamfanin jagora, kashi 6 kacal na baƙon da zai shiga daji da kansa.

Dogon_Daji:
Wannan kashi 10 ɗin shi ne abin dubawa. Baƙon da ke da kuɗin ɗaukar jagora an ware masa rabo fiye da wanda ba shi da shi. Sannan a jihar akwai takardun da ake ba masu manyan gonaki don dabbobi na cin ciyawarsu, su kuma su sayar wa wanda ya fi tsoka. Mai kuɗi ba ya jiran ƙuri'a, duk shekara yana daji. A nan na yarda da Sarki.

Bakan_Gizo:
Ni kuwa ina ganin duk mun tsaya a kan takarda, alhali ba ita ce babbar ɓarakar aljihu ba. Mu yi lissafin mutumin da zai taso daga Niyu Yok zuwa Kolorado. Zuwa Denba, babban birnin jihar, kusan mil 1,800 ne, zuwa da dawowa 3,600, ban da yawon cikin duwatsu. Motar ɗaukar kaya mai cin galan ɗaya a mil 15 za ta sha galan 240. In an ɗauka galan dala 3.50 ne, dala 840 ke nan a mai kaɗai, kusan daidai da kuɗin tag. Kwana uku zuwa, uku dawowa, biyar ko bakwai a daji, ga kwana ɗaya ko biyu na sabawa da iskar tudu, domin elik na zama ne a tsayin mita 2,500 zuwa 3,500, kuma wanda ya taso daga bakin teku ya hau kai tsaye ciwon kai da amai za su kwantar da shi. Mako biyu ke nan ba aiki. Ma'aikacin da ake biya da awa, wannan makon biyun shi ne kuɗi mafi girma a cikin lissafin, kuma ba ya fitowa a kowace rasit.

Sai kaya: takalmin hawan dutse da aka riga aka saba da shi, jakar goyo mai ƙarfen baya da za ta ɗauki kilo 35, tanti, jakar barci mai jure sanyin ƙasa da sifili, madubin hangen nesa, manyan kuloli biyu. Bayan duk wannan, a yankunan da ake sayar da tag ba ƙuri'a, mafi yawan mafarauta ba sa harba ko da harsashi ɗaya.

Kibiya_Daya:
To bindiga fa? Na ji ana cewa sai magnum, irin mai harsashi mai ƙarfi sosai.

Gwanki308:
Masu sayarwa ne ke cewa haka. .30-06 ko .308 da harsashi mai nauyin giren (ƙaramin ma'aunin nauyin harsashi) 165 zuwa 180 ta isa, .270 da giren 150 ma tana yi. Dokar Kolorado bakin bindiga .24 ne mafi ƙanƙanta, da harsashi giren 85 ga elik, amma kada a tsaya a mafi ƙanƙanta. A daidaita madubin bindiga a yadi 200, kada a harba fiye da nisan da mutum zai iya zuba harsashi biyar a faranti ɗaya yana durƙushe. Tsohuwar bindiga mai kyau tana yin aikin sabuwa. Abin da ke cin kuɗi shi ne atisaye, domin kwali harsashi 20 ne, kuma kafin kaka ana buƙatar kwali uku ko huɗu. A yi atisaye da mai araha, a tabbatar da saiti da ainihin wanda za a yi farauta da shi, don ba wuri ɗaya suke sauka ba. Mai farauta a Kalifoniya kuma tun Yulin 2019 dole harsashi marar darma, na tagulla, shi ma ya fi tsada.

Uwar_Zaure:
'Yan'uwa, a faɗa wa sababbin zuwa ƙasar maganar doka kafin wani ya faɗa rami. Mai katin zama na dindindin zai iya mallakar bindiga. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin togaciya, ɗaya daga ciki ita ce ya mallaki lasisin farauta mai aiki daga wata jiha. Lasisin ya ƙare, togaciyar ta ƙare. Haka kuma zama ɗan jiha yana da wa'adi: Kolorado wata shida, Montana kwana 180, Wayomin shekara guda cur. Sayen tag ɗin ɗan jiha kafin wa'adi ya cika laifi ne da ke jawo tara da ƙwace izini, kuma jihohin suna da yarjejeniya, in ɗaya ta dakatar da kai sauran ma sun dakatar. Sai takardar shaidar koyon ƙa'idojin farauta, wadda Kolorado ke nema daga duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau.

Sarkin_Baka77:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Bakan_Gizo, na karɓi lissafinka, amma mai da kwanaki dama can akwai su. Sabon abu shi ne ƙofofin araha da ake rufewa. Kolorado ce matattarar talaka, ka je kanti ka sayi tag ka shiga daji. Daga 2025 baƙo mai kwari da baka ba ya samun wannan a yawancin jihar, sai ƙuri'a. Saura na bindiga a zango na biyu da na uku na kakar farauta, kuma duk wanda aka koro daga can nan zai taru.

MaiGwafa:
Amma Sarki, 'yan jihar ne suka nemi a rufe, saboda cunkoso. Kowane bakin hanya motoci jere, dabbobi kuma da sun ji matsi sai su tsallaka gonakin masu kuɗi inda ba mai taɓa su. Talakan Kolorado shi ma talaka ne.

Dogon_Daji:
MaiGwafa ya taɓo inda ciwon yake: hanya. A shekarun 1860 gwamnati ta ba kamfanonin jirgin ƙasa fili a gefen layin dogo, murabba'in mil ɗaya nasu, na kusa da shi na gwamnati, haka a jere kamar gidajen dara. Yau wanda ya sayi gidajen kamfani ya kewaye na jama'a, ba a shiga sai ta kusurwa, inda gida biyu na gwamnati suka haɗu a kan tsini ɗaya. Kamfanin taswira na onX ya ƙiyasta a 2022 cewa eka miliyan 8.3 na filin jama'a a yamma haka suke a kulle.

Wasu mafarauta huɗu daga Misuri suka tsallaka irin wannan kusurwa a Elk Mountain da ke Wayomin, har da tsani suka yi amfani don kada ƙafarsu ta taɓa ƙasar mai gona. Aka kai su kotu, masu taya alƙali hukunci suka wanke su a 2022, mai gonar ya shigar da ƙarar diyya ta miliyoyin daloli, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya shiyya ta goma ta ba mafarautan gaskiya a Maris 2025. A kula: hukuncin ya shafi Wayomin, Kolorado, Yuta, Niyu Meziko, Kansas da Oklahoma ne. Montana da Aidaho suna wata shiyyar. Kuma sai ka ga ainihin turken ƙarfen masu awon ƙasa ka tsallaka a kansa, domin taswirar waya tana iya kuskuren mita da yawa, mita ɗaya kuma ta isa a ce ka shiga gonar wani.

Dan_Garwa:
Ina biye da ku daga nan arewacin Kamaru, kuma abin da kuke tsoro a can mu nan shi ne tsarin. Kewaye da gandun Binuwai, Faro da Buba Njidda an yanka daji yanki-yanki an ba kamfanonin farauta haya. Baƙi daga Turai da Amurka ke zuwa da rani su biya dubban daloli masu yawa don babban ilan (wani ƙaton ɗan'uwan gwanki), gwanki da ɓauna. Tsohuwar dokar 1994 ta kasa dabbobi aji uku, A, B da C, farautar gargajiya kuma an taƙaita ta ga ƙananan dabbobi da makamin da aka yi da itace ko tsiro. Maharbin ƙauyen da kakansa ya harbi gwanki a wurin, yau in ya shiga sunansa ɓarawon daji. Ana ware wa ƙananan hukumomi da ƙauyuka wani kaso na kuɗin haya, amma izinin harbi ba ya hannunsu.

Lissafi_Dalla:
Ɗan'uwa na Garwa, akwai kama amma akwai bambanci. A Amurka kuɗin mafarauta ne ke riƙe hukumomin namun daji. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware wa namun daji harajin dogayen bindigogi da harsashi, wanda yanzu kashi 11 ne, ana raba wa jihohi, tarayya ta ba da kashi 75 na aiki jiha ta kawo 25 daga kuɗin lasisi. Baƙo ɗaya a Montana yana biyan abin da 'yan jiha hamsin ke biya na elik. In aka rage masa, ko a ƙara wa ɗan jiha ko a rage ma'aikatan daji. Har gwanjon tag, irin na ragon dutse da aka sayar dala 480,000 a Montana a 2013, kusan duk kuɗin kan ragunan ake kashewa.

Sarkin_Baka77:
Na san da haka Malam, amma hukumar da cikinta ya dogara ga mai biya da yawa, wa za ta saurara ranar da aka zo rabon kaso?

MalamNaZaure:
Ku ba ni dama in sako abin da ya shafi addini, don yana shafar lissafin kai tsaye. A yi bisimilla lokacin harbi. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta abin da makami ya huda da wanda ya buge da faɗinsa, malamai da dama kuma sun sa harsashi cikin mai hudawa. In ka iske dabbar da sauran rai tabbatacce, sai ka yanka, don haka wuƙa ta kasance a ƙugu, ba a ƙasan jaka ba. Abin lura shi ne al'adar can ta barin dabbar da aka raunata da magariba sai da safe a bi sawun jini. A Risala an yi togaciya da abin da ya kwana ba ka gan shi ba, ko da yake an kawo wani ƙaulin cewa in an sami kibiyar a makasa babu laifi. Mai son fita daga saɓani ya guji harbin gab da duhu sai in ya tabbatar da huhu biyu. Kuma farauta don wasa kawai makaruhi ce a mazhabarmu, don nama kuwa halal.

Hajiya_MaiKilishi:
Madalla Malam. Ko ba don fiƙihu ba, elik da ya kwana da fatarsa a watan Satumba naman kusa da ƙashin ƙugu da wuya yakan yi tsami, saboda jikin yana da kauri, zafi ba ya fita. Da ya faɗi a fara fiɗa. Ba sai an farke ciki ba: a tsaga fata ta gadon baya, a cire cinya da kafaɗa na gefen sama, a zare tsokar gadon baya, a yanko naman wuya da na haƙarƙari, a juya a maimaita, a ƙarshe a zaro lallausar tsokar nan biyu ta ƙarƙashin ƙashin baya. Kowane yanki a buhun yadi mai shan iska, a rataye a inuwa, kada a sa a leda. A Kolorado dole a bar shaidar jinsi manne da cinya ɗaya. Namiji babba yana ba da kusan kilo 90 zuwa 100 na tsoka, sawu huɗu ko biyar ke nan a goye ga mutum ɗaya. Wanda ya harba a nisan kilomita takwas daga mota ba tare da abokai ba, rabin naman zai lalace, kuma barin nama a daji laifi ne.

Wurin da za mu rage kuɗi mu kuma tsare addini shi ne sarrafawa a gida. Mahautan da ke karɓar naman daji suna cajin ɗaruruwan daloli, da yawansu kuma kitsen alade suke haɗawa in za su niƙa, domin naman elik ba shi da mai. Injin niƙa na gida da kitsen sa, kashi ɗaya cikin goma, ya wadatar. Tsokar cinya kuma ba abin da ya kai ta kyau a kilishi.

Gwanki308:
A ƙara da cutar ƙwaƙwalwar nan mai ramar da barewa, wadda aka fara gani a Kolorado a 1967. Dafuwa ba ta kashe ta. Jihohi da yawa sun hana shigo da ƙwaƙwalwa da ƙashin baya daga yankin da take, sai tsoka zalla da ƙoƙon kai da aka wanke tas. A kai kan a gwada kaluluwar maƙogwaro, a ajiye naman dabam har sakamako ya fito. In ya nuna akwai, ba a ci.

Kibiya_Daya:
To a taƙaice, mai dala 1,500 a hannu yana da hanya ko babu?

Bakan_Gizo:
Akwai, in nama yake so ba ƙaho ba. Tag ɗin macen elik mai rangwame a Wayomin bai kai dala 300 ba ga baƙo, ba ya neman maki, ba ya kuma cinye makin da ka tara. Mace tana ba da kusan kilo 60 zuwa 70. Mutum uku su haɗa mota ɗaya, man nan na dala 840 ya koma 280 kowa. A kwana a tanti a filin gwamnati, ba a biya. A zaɓi zangon ƙarshen kaka, lokacin da ƙanƙara ta koro garke ƙasa kusa da hanya, sanyin kuma ya tsare nama. Amma a tafi da sarƙar taya da shebur. A Montana akwai shirin da hukuma ke biyan masu gona su buɗe wa mafarauta kyauta, sai dai wasu gonakin sai an yi rajista tun da wuri.

MaiGwafa:
Ko kuma ya bar elik ya nemi barewa mai farin wutsiya a jiharsa. A gabas da tsakiyar ƙasar sun yi yawa har ana roƙon a rage mata. Uku daga cikinsu sun yi nauyin macen elik ɗaya, ba tafiyar mil dubu.

Dogon_Daji:
Wannan a jihar da ke da filin gwamnati ne. A Teksas kusan kashi 95 na ƙasa na masu zaman kansu ne, sai ka yi hayar daji na shekara. Mun dawo kan maganar Sarki ke nan.

Lissafi_Dalla:
Bakan_Gizo, gyara ɗaya. Tag ɗin macen ma ƙuri'a ake yi, ba a kanti ake ɗauka ba, kuma yawansa yana hawa da sauka da ƙidayar garke. Bayan mugun sanyin 2022 zuwa 2023 Wayomin ta zaftare na barewa da na gada mai gudun nan ta fili sosai. Kafin a nema a buɗe taswira a ga ko yankin yana da filin jama'a da mota ke kaiwa, domin yankunan da tag ke saura a cikinsu galibi su ne waɗanda garken ke kwance a gonar da ba a shiga.

Kibiya_Daya:
Na gode. Waɗanne yankuna ne ke da hanyar shiga a kudancin Wayomin? In akwai mai taswirar bara ya sako mana.